Direba a Garin da Mota Ba Ta Shiga

A unguwar Manfuha da ke Riyadh ɗaki ɗaya muke kwana da wani mutumin Maraɗi da ya girme ni. Ina ce masa Yaya, shi kuma yana ce mini Ɗan Rediyo, saboda aikin da na baro a gida. Kafilinmu ɗaya, wato gida ɗaya ne ya ɗauke mu aiki yake tsaya mana. Ni ina ofishin babban ɗan gidan, ina amsa waya da fassara takardun Turanci. Shi kuwa direban gidan ne tun 'yan matan gidan suna ƙanana.

A shekarar da nake magana, 'yan matan nan sun girma, sun karɓi lasin, kowace da motarta. Aikin Yaya ya ragu, ya koma kai tsoho, mahaifin babban ɗan, asibiti da ɗauko tukunyar gas. Iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, kuma ba wanda ya ce masa za a sabunta. Bai yi zancen da kowa ba. Sai dai na lura yana wanke mota ko ba ta yi datti ba.

Da zafin Riyadh ya kai inda ba a iya taɓa ƙofar mota da rana, iyalin suka shirya hutu zuwa wani tsibiri a Tekun Bahar Rum. A wannan karon da tsohon za a tafi, don haka aka nema mana biza mu biyu: ni saboda Turanci, Yaya saboda tsohon ba ya tafiya sai a keken guragu. Yaya ya yi murna ƙwarai. Ya je kasuwar Dira ya sayo baƙin tabarau.

"Ɗan Rediyo, can za su ga tuƙi," in ji shi. "Hanyar dutse ba ta yara ba ce."

Motar da ta ɗauko mu daga tashar jirgin ruwa ta tsaya a wani fili a bakin ƙauyen, direbanta ya sauke kaya ya juya. Daga nan sai matakala. Gidaje farare ne, wani a kan wani har bakin ruwa, lungunan kuwa in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya raɓe. A ƙasa akwai 'yar tashar masunta, da taru a baje, da ƙananan jirage masu fenti. Yaya ya cire tabarau ya dubi sama, ya dubi ƙasa.

"Ina titin?"

"Babu, Yaya."

Ya ɗauki jaka biyu ya bi bayansu.

Kwanakin farko iyalin ba su zauna ba. Yau sun hau jirgi zuwa wani kogo da ruwa ke shiga, gobe sun ɗauki ƙananan kwale-kwale na roba, jibi sun bi hanyar ƙafa ta cikin gonakin zaitun. Ni ke gaba ina tambaya ina fassarawa. Yaya kuwa ya ci gaba da abin da ya saba a Riyadh, wato jira a bakin ƙofa. In sun shiga ruwa, yana tsaye a gaɓa da tawul a hannu. In sun shiga gidan abinci, yana waje. Wata rana na ce ya zo mu hau wani dutse ya ga yadda ake hango kifi har ƙasan ruwa.

"Je ka kai," ya ce. "In suka ga ina kallo, za su tuna ba ni da aikin yi."

Tsohon ma jira yake yi. Kullum a ajiye shi a inuwar wani ɓaure a gaban mai shayi, fuskarsa na kallon wata tsohuwar hasumiya a ƙololuwar tudun da ke bayan gari. Kowa ya hau ya dawo ya nuna masa hoto a waya. Rannan ya ture wayar ya ce shi ba hoto ya zo gani ba.

A ƙauyen jakuna ke ɗaukar kaya, kuma akwai wani mutum da ke ba da hayarsu ga baƙi. Na je na yi masa magana. Ya dubi tsohon ya girgiza kai, ya ce ba zai ɗauki alhakin mai shekaru haka ba, sai in akwai nasa da zai ja jakin ya kuma tallafe shi. Babban ɗan ya juya wurin Yaya, ba da nufin wulaƙanci ba, ya ce, "Ku a ƙasarku ai kun san jaki, ko?"

Yaya ya ce, "Na'am."

Bayan la'asar ya ja ni gefe, muka zauna a kan matakala.

"Ubana da jaki ya ci abinci," ya ce. "Yashi, itace, ruwa, ba abin da ban ɗora ba. Don kada in mutu a bayan jaki na bar gida. Hoton da ke rataye a ɗakin uwar 'ya'yana, ni ne a jikin babbar mota. Yanzu in haye teku in zo wanga gari in ja jaki?"

"To ka ce ba ka iya ba."

"In ce ban iya ba, su ce to me na iya?" Ya juyo ya dube ni. "Kai ka fi ni Larabcin littafi. Ka roƙar mini yaran nan, kada wadda ta ɗauke ni hoto. In ya shiga Manfuha na shiga uku."

Na roƙe su, suka kuma cika alkawari.

Da sassafe muka tashi, kafin rana ta yi ƙarfi. Yaya ya zagaya jakin, ya ɗaga ƙafafunsa ya duba, ya sassauta majanyin sirdi ya sake ɗaurewa, ya ninke tawul ya sa inda tsohon zai zauna. Muka ɗaga tsohon muka ɗora. Yaya ya riƙe igiya da hagu, hannun dama a bayan tsohon, ya tsotsi baki, jaki ya kama hanya.

Hanyar ta bi ta tsakanin katangun duwatsu da itatuwan zaitun, ga ƙamshin wani ɗan tsiro da ke tashi duk inda aka taka, ga awaki a kan duwatsu suna kallonmu. Ba mu yi nisa ba tsohon ya fara magana. Ya ce yana yaro shi ma da jaki yake kawo dabino daga gonaki zuwa kasuwar Dira, lokacin ba kwalta. 'Ya'yansa da ke biye suka dubi juna. Da alama ba su taɓa jin wannan ba.

"Farin jaki ya fi kowane," in ji tsohon.

"A'a, Baba," Yaya ya ce da Larabcinsa na titi. "Fari kyau ne kawai. Mai ruwan toka shi ne aiki."

"Kai me ka sani, ya sawwaƙ?" in ji tsohon, wato direba da Larabci.

"Wallahi Baba, na fi sanin wannan da mota."

Tsohon ya yi dariya har sai da aka tsaya ya yi tari.

A saman tudun iska ta yi ƙarfi. Teku ta bayyana ta ɓangare biyu, kusa da gaɓa kore-kore, can nesa shuɗi mai duhu, ƙauyen kuma ya koma ɗan ƙarami a ƙasa. Tsohon bai ce a sauke shi ba. Yaya na tsaye a gefensa da igiya a hannu, kuma tunda ba inda zai juya, shi ma ya kalla. Can ya ce mini a hankali, "Ashe ruwan nan kala-kala ne."

Saukowa ta fi wuya. A wani gangare jakin ya zame, tsohon ya karkata, Yaya ya tare shi da kafaɗa har gwiwarsa ta bugi dutse. Ya miƙe ya kakkaɓe wando, aka ci gaba. Daga ranar, kowace safiya tsohon ke cewa, "Ina sawwaƙ? Yalla, mu tafi." Suka je gonar inabi, suka je wata 'yar gaɓa mai tsakuwa inda tsohon ya sa aka tsoma masa ƙafa a ruwa. Yaya na ɗingishi yana ja.

Bayan mun koma Riyadh, babban ɗan ya kira shi ofis. Da yamma ya shigo ɗakinmu ya zauna a bakin katifa bai cire takalmi ba.

"An sabunta iƙamar," ya ce.

"Alhamdu lillahi! Barka, Yaya."

"Amma sun karɓi makulli. Tsoho ya ce ni yake so kusa da shi, safe da yamma. Ba sauran tuƙi."

Na zuba masa shayi.

Bayan 'yan kwanaki aka kai tsohon asibiti, Yaya ya dawo yana girgiza kai.

"Ɗan Rediyo, yau na ga abu. Autar gidan nan, wadda nake kaiwa makaranta tana kuka tana jifa da takalmi, ita ta tuƙa mu. Ni da Baba muna baya kamar manyan baƙi. Duk danjar da muka zo, ƙafata sai neman birki take yi a ƙasa."

"To ta iya?"

Ya daɗe yana juya kofin shayi a hannu.

"Ta iya," ya ce. "Sai dai tana matse wa na gaba. Gobe zan faɗa mata."