Tsakiyar Waƙar Kakata

Kakata ta rasu a Kebbe da kaka, bayan an gama yankan gero. Abin da ya rage mana na muryarta waƙar niƙa ce guda, wadda na ɗauka da waya. Ana tsaka da waƙar wayata ta mutu, matar kawuna ta ci gaba da ɗauka da tata, har na samu caji na karɓa. Sai waƙar ta rabu: kai da ƙarshe a haɗe a wurina, tsakiya a wayar matar kawuna.

Inna mahaifiyata kuwa tsakiyar nan ce ta ɓace mata. Kullum in tana tankaɗe sai ta fara, ta kai wurin, ta yi shiru. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Lokacin ina koyon rubuta manhaja wurin yayana a Tambuwal. Shi ya nuna mini cewa murya a cikin kwamfuta jerin ƙananan lambobi ce da ake kira bayit, ɗaya bayan ɗaya. Da matar kawuna ta turo mini tsakiyar, na ce to ai da sauƙi, in tura ƙarshen gaba, in zuba tsakiyar a gurbin. Ni da gaggawa!

Yaya ya riƙe mini hannu. "Ke, dakata. Kwafi za ki taɓa, ba na asali ba."

Na yi tsaki, amma na bi. Da na kunna abin da na haɗa, sai kakata ta kama kalma ɗaya tana ta maimaitawa. Sauran waƙar babu. Innalillahi!

Ya yi dariya har da buga cinya. "Daga farko kika fara kwashewa, kina zubawa kan wanda ba ki riga kin ɗauke ba. Kin taka shi da kanki."

Ya zaunar da ni muka bi a hankali. Mu auna tsawon guda biyun, mu nemi wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta da zai ɗauke su duka, mu tabbata gurbin bai wuce iyakar jerin ba. Sannan mu matsar da ƙarshen, muna farawa daga bayit na can ƙarshe. Sai da wuri ya buɗe muka kwafa tsakiyar ciki. Ya sa na sake dubawa har na fara masifa, bai kula ni ba. Har gobe ina yi masa addu'a.

Na hau babur na kai wa Inna. Na tarar tana tankaɗe a tsakar gida, na ajiye wayar kan tabarma na kunna. Da aka zo wurin da take tsayawa, rariyar ta tsaya a hannunta. Leɓunanta suka fara motsi. Can sai na ji ta riga kakata shiga baiti na gaba.

Ta share ido da gefen zane, garin gero ya shafe mata kunci.

"Ɗiyata," ta ce, "maido min daga farko."