Dutsen da Muka Bari a Sama

A makarantar kwanan da na yi a Wudil, mu tara kacal a ajin ƙarshe muka ɗauki babban lissafi, wanda muke kira adishinal. Sauran 'yan ajin sun fi mu hankali, tun da wuri suka gudu. Mu kuwa kwaɗayi ne ya kai mu. Lokacin kuɗin mai ya fara zubowa, motocin siminti ba sa yankewa a kan gada, kowane malamin firamare ya yi sabon babur, kuma an ce mana duk wanda ya ci wannan darasi gwamnati za ta ɗauke shi ta mai da shi injiniya, har da mota. Ni har na zaɓi launin tawa, shuɗiya, alhali rabin abin da ake rubutawa a allo ban san inda ya dosa ba.

Mutum ɗaya ne a cikinmu ya san abin da yake yi, wani siririn yaro ɗan Indabo, mai wando ɗangalalle, wanda sai ya wuni bai yi magana goma ba. Babansa dillali ne a kara, kasuwar shanu. Muna son sa, muna kuma jin haushinsa, don babu abin da ya kai zama kusa da mai ƙoƙari ɓata rai.

Muna da wata al'ada. Duk jarrabawar da muka fito, ba ma komawa ɗakin kwana, sai mu gangara bakin kogi ƙasan gada, kusa da inda mata ke suyar kifi, mu share rairayi mai damshi mu kafa kotu. Alƙalinmu wani ɗan birni ne, ɗan babban ma'aikaci, mai takalmi mai tudu da gashin da ya tara har hula ta ƙi zama. Shi zai kira lambar tambaya, kowa ya faɗi amsarsa, wadda ta fi jama'a ita ce daidai. Ba wanda ya taɓa tambaya ko lissafi ya san da wannan doka. Wanda amsarsa ta fita daban kuwa ya mutu ke nan. Sai a kwantar da shi a rairayi, a lulluɓe shi da riga, mu bi layi muna yi wa juna ta'aziyya.

Gawar kusan kullum mutum ɗaya ce, wani ƙato ɗan Achika mai yawan dariya. Ya mutu ya mutu har ya saba, wani lokaci tun ba a kira tambaya ba yake cire rigarsa ya kwanta. Mu sauran muna da dabara. Sai mu yi ta tari da gyaran murya har ɗan Indabo ya faɗi tasa, sannan kowa ya ce, "Yawwa, ni ma haka na samu."

Jarrabawar fita ta adishinal ta faɗo ranar Juma'a da safe, ranar kasuwa, ga zafin bazara. Tambayar ƙarshe ita ce mai maki mafi tsoka, kuma ga abin da ta ce: an tsaya a kan hasumiya an jefa dutse sama, ga tsawon hasumiyar, ga ƙarfin jifan, sakan nawa dutsen zai yi kafin ya faɗo ƙasa? Wallahi da na gan ta sai da na yi murmushi. Na yi ta cikin ruwan sanyi, na ja layi biyu a ƙarƙashin amsar, har na samu lokacin tausaya wa na kusa da ni.

A bakin kogi, alƙali yana kiran wannan tambaya ba wanda ya yi tari. Baki ɗaya muka ce, "Huɗu!" Har da ɗan Achika, wanda ya riga ya fara ɓalle maɓallin riga. Ya tsaya yana kallon mu, bai yarda da kunnensa ba, sannan ya daka tsalle ya rungume ni har ƙashina ya yi ƙara. Da muna da hankali, a nan ya kamata mu gane akwai matsala.

Ɗan Indabo ya ce, a hankali, "Ni biyar na samu."

Kai, ranar mun yi murna! Shekara da shekaru muna jiran wannan yaro ya faɗi. Ya tsinci karan dawa ya durƙusa ya zana hasumiya a rairayi, ya ce, "Ku tsaya ku gani. Huɗun nan taku, lokacin da dutsen ya dawo daidai kan hasumiyar ne, ai bai..." Alƙali ya sa takalminsa mai tudu ya murje zanen, ya ce a kotunsa mamaci ba ya ba da bahasi. Muka yi masa ca, muka kwantar da shi, ɗan Achika ya ba da aron rigarsa da hannu biyu. Muka jeru muna miƙa wa juna hannu. "Ya haƙuri? Ashe injiniya lokaci ya yi." "Wallahi kuwa, da safe lafiya lau muka rabu."

Muna cikin haka sai muka ji sallama a bayanmu. Wani dattijo ne da malafa da sanda, ƙafarsa duk kashin shanu, haƙoransa ja da goro. Gawa tana jin muryar ta yi wuf ta tashi ta tsuguna, kai a ƙasa. Babansa ne. Ya je makaranta aka ce masa muna bakin kogi.

Muka zube muka gaishe shi, ya amsa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi karatu, ya tambayi zafi, ya tambayi mutanen gida. Ɗansa kuwa ko kallon sa bai yi ba, ɗan fari ne, ko sunansa ba ya faɗa. Da gaisuwa ta ƙare ya ce, "Samari, wa ya rasu?"

Alƙali, da yake bakinsa ba shi da linzami, ya washe haƙora ya ce, "Baba, ai ɗanka ne. Babbar tambaya ta kashe shi. Mu takwas mun samu huɗu, shi kaɗai ya samu biyar."

Dattijon bai yi dariya ba. Ya dogara sandarsa ya ce, "To, Alhamdu lillahi, an huta." Sannan ya yi mana bayanin abin da ba wanda ya sani a cikinmu. Wani alhaji da ya samu kwangilar titi yana neman akawu mai ƙirga buhunan siminti, ya kuma yi wa yaron nan tayin aikin, motarsa za ta tashi da an sauko daga masallaci. Yaron ya roƙa a bar shi, ya ce takardar yau ita ce ƙofar zama injiniya. Suka yi da uban cewa in ya ci ta, ya zauna ya ƙarasa sauran jarrabawar mako mai zuwa. In bai ci ba, yau ɗin nan zai ɗauki akwatinsa.

Muka hau rantse-rantse cewa wasa muke yi, sakamako sai bayan watanni. Ya ce shi bai ga wasa ba, ya ga mutum takwas masu ilimi sun faɗi magana ɗaya. Ya ɗan yi tunani irin na mai son a rabu lafiya, ya ce, "To ba a daidaitawa? Ku ku hau kaɗan, shi ya sauko kaɗan, a tsaya a huɗu da rabi." Muka ce ba a yi. Ya ce, "Ashe karatun naku ba shi da sulhu. To ni a kara, mutum biyu suka shaida saniya ta wane ce, magana ta ƙare. Balle takwas." Ya juya wajen kogi, kamar da ruwan yake magana, ya ce, "A je a ɗauko akwati."

Ɗan Indabo ya miƙe. Wannan yaro da zai iya kare amsarsa a gaban kowane Bature, a gaban babansa ko a bai ce ba. Ya kakkaɓe rairayin wandonsa, ya dubi inda aka murje zanensa, ya kama hanya. Ban taɓa jin kunya da tausayi sun haɗu sun kama ni irin na lokacin ba.

Alƙali ya yi ta maza ya ce, "Af! Baba, yanzu na tuna, ni ma biyar na rubuta." Wasu biyu suka ce su ma. Dattijon ya dube su ya yi dariyar da ta fi zagi ciwo. Ya ce, "Yaro, ni da bakin mutane nake cin abinci. Ɗazu da ka ce huɗu, ido cikin ido ka faɗa. Yanzu da ka ce biyar takalminka kake kallo."

Sai ɗan Achika ya matso, ba riga, tumbi a waje, ya tsuguna. Ya ce, "Baba, ni ba zan canja ba, huɗu na samu. Amma ka tambayi duk wanda ke nan, tun da muka shigo makarantar nan an taɓa ganin na samu lissafi daidai? Ko sau ɗaya? Malaminmu in ya ga amsarsa ta zo ɗaya da tawa, goge allon yake yi ya sake. Wallahi Baba in ka sayi saniya da shaidata, kana isa gida za ka tarar jaki ne."

Dattijon ya ce, "Haka ne?" Muka ce wallahi haka ne, har mai suyar kifi ta sa baki ta ce ita ma shaida ce, kullum shi ake binnewa.

"To shi na ji nasa. Ku sauran fa?" Ya bi mu da ido ɗaya ɗaya yadda yake duba haƙoran bijimi, ya tsaya a kaina, wataƙila don na fi kowa tsuru-tsuru. "Kai, me ya raba ku da shi?"

Na ɗauki karan nan na sake zana hasumiyar. Na nuna masa gada na ce, "Baba, a ce mutum yana can sama ya jefa dutse. Dutsen ya hau, ya dawo daidai inda mutumin yake. Mu nan muka tsaya da ƙirga. Shi kuma ya bi dutsen har cikin ruwa." Ina faɗa ina jin shuɗiyar motata tana tashi ba da ni ba. Duk da haka can ƙasan raina ina cewa, wa ya sani, wataƙila wanda ya tsara tambayar shi ma ya manta da hasumiyar.

Ya dubi gadar, ya dubi ruwan, ya dube mu. Ya ce, "Wato ku takwas kun bar dutse a sama kun taho cin kifi?"

Muka ce, "E, Baba."

"Kuma gwamnati ku za ta ba ginin gada?"

Ya ciro goro ya ɓantara, ya daɗe yana taunawa. Ɗan Indabo yana tsaye can nesa, bai tafi ba, bai dawo ba. Daga nan dattijon ya ce, "To. Na ga shaidu iri-iri, amma ban taɓa ganin takwas sun taru sun shaida cewa su ne ba su da kai ba. Wannan ba a yin ta don daɗi. Na karɓa. A bar akwatin."

Muka fara ihu, ya ɗaga sanda ya ce ba a gama ba, a wurinsu magana ba ta ƙulluwa sai an shafa fatiha. Muka tsuguna muka ɗaga hannu, har da mai kifi da mataimakiyarta. Ya ce, "Allah ya sa maganar yaron nan ita ce daidai."

Muka ce, "Amin!" da ƙarfin da sai da shanun da ke shan ruwa suka ɗago kai.

"Allah ya sa biyar ce, ba huɗu ba."

"Amin!"

Ina cikin shafawa, tafin hannuna a kan fuska, na gane abin da muka roƙa. Na leƙa ta tsakanin yatsu na ga alƙali shi ma ya gane, bakinsa a buɗe. Mu takwas, ranar Juma'a, ana gab da kiran salla, mun tsuguna mun roƙi Allah ya kayar da mu, har sau biyu.

Dattijon ya gyara malafarsa zai tafi. Har lokacin bai dubi ɗansa ba. Sai da ya yi 'yan taku ya waiwayo ya ce wa ɗan Achika, "Kai mai gaskiya, ka ce wa abokin naka ya riƙa cin abinci, ya rame." Ya hau gangaren ya nufi kara.

Addu'ar ta karɓu, ba a rage komai ba. Da sakamako ya fito ɗan Indabo ya ci da mafi girman daraja, ya wuce ya zama injiniyan da ya ce. Mu kuwa sauran tambayoyin ma ba su rufa mana asiri ba. Ɗan Achika ya yi dariya ya ce shi dama ya saba. Ni ban yi dariya ba. Na koma bayan ajinmu na yi kuka sosai, don da gaske nake son motar nan, da gaske kuma na ɗauka ina da kan da zai kai ni. Daga baya na zama malamin makaranta, na yi shekaru ina hawa babur, kuma ko shi ba shuɗi ba ne.

Har yau in ana addu'a a taro, sai na ji ƙarshenta tukuna nake buɗe baki, jikokina suna yi mini dariya a kan haka. Amma ta bakin kogin nan, da za a sake tsugunar da ni a ce ga akwati ga motar alhaji tana jira, da na sake cewa amin.