Ba a Tafiya Sai da Sallama

Barkono ake ce mata, kuma wanda ya raɗa mata sunan bai yi ƙarya ba. Tana da shekara goma sha shida ta bar makaranta, bayan ta gasa wa malamin lissafi maganar da ba ta maimaituwa. Daga nan ta koma zaman shagon babanta, wanda tela ne, tana latsa waya tana harar masu kawo ɗinki. Baban ya yi faɗa, ya yi lallashi, har ya gaji ya zuba mata ido. Uwa kuwa babu a gidan. Tun Barkono tana ƙarama aka aike ta sayen zare wata safiya, ta dawo ta tarar uwar ta tafi aiki wani gari, ko sai an jima ba ta ce mata ba.

Goggonta ce ta tasa ta a gaba zuwa wata cibiya da ake koya wa matasa renon yara.

"Reno? Haba Goggo! Goyon ma sai an shiga aji?"

"Ke dai wuce mu je. Bakin nan naki ya hutar da mu, ya je ya samu masu kukan da ya fi shi ƙarfi."

Ta shiga tana zumɓura baki, amma ba a yi nisa ba abin ya kama ta. Ashe ruwan wankan jariri da gwiwar hannu ake gwada zafinsa! Ashe in abinci ya shaƙe yaro akwai yadda ake kifa shi a cinya a bubbuga bayansa! Ashe ba a yi wa yaro magana daga sama, sai an tsuguna ido ya ga ido! Malamarsu gajeruwa ce mai tabarau, ba ta ɗaga murya, kuma ita ce ta farko da ta taɓa ce wa Barkono, "Hannunki yana da kyau a aikin nan." Ranar a guje ta koma gida. 'Ya'yan maƙwabta suka shiga uku, don duk wanda ta kama sai ta gwada darasin ranar a kansa.

Sai dai hali zanen dutse. Ta yi cacar baki da wata 'yar ajinsu har aka raba su da ƙyar. Saboda haka da aka tura su gwajin aiki a gidan reno, Malama ta ja ta gefe.

"Ina son ki gama, ki karɓi shaidarki. Amma in uwa ɗaya ta kawo ƙararki, kin koma gida. Kin ji ni?"

Ta ji. Karon farko ke nan da take da abin da take tsoron rasawa.

Gidan renon ɗaki ne mai faɗi, da tabarmi masu laushi, da 'yan kujeru, da ƙugiyoyin rataye jaka a jikin bango. A nan ta haɗu da Kumatu, wani ɗan lukuti da bai cika shekara uku ba. Uwarsa a kantin magani take aiki, kullum cikin sauri. Dabararta ɗaya ce: ta ajiye shi ta ce, "Kai, dubi mota can!" yana juyawa ta sulale. Shi kuwa sai ya yi ta kuka har murya ta dushe. Ba ya ci, ba ya wasa, yana zaune ya ƙura wa ƙofa ido har yamma. A aji an koya musu cewa yaron da aka yi wa haka gadin ƙofa yake komawa, don bai san sa'ad da za a sake ɓace masa ba. Barkono ba ta buƙaci a koya mata wannan ba.

Wata safiya uwar ta sake nuna mota ta sulale. Barkono ta miƙa yaron ga wata mai reno, ta bi ta a guje, ta cim mata a bakin titi ta riƙe hannun jakarta.

"Anti, don Allah ki dawo ki yi masa sallama."

"Ke! Sakar mini jaka! Wace ce ke?"

"Ni ba kowa ba ce. Amma ki ce masa kin tafi aiki, za ki dawo. Shi ke nan fa."

"In ya ga tafiyata ai kukan ya fi haka!"

"Zai yi, Anti. Amma zai daina."

Mutane suka fara tsayawa kallo. Don kunya matar ta koma, ta tsuguna ta faɗi maganar a fusace, ta fita tana cewa wallahi da yamma sai ta ga Malama. Kumatu kuwa ya ɓarke da ihun da bai taɓa yi ba. Barkono ta ce a ranta, shi ke nan, na kashe kaina. Duk da haka ta ɗauke shi zuwa taga, suka ɗaga wa uwar hannu har ta shiga mota.

"Umma ta tafi aiki. In ka ci abinci, ka yi barci, ka tashi, sai ga ta."

Ta faɗa ta sake faɗa, yana shessheƙa a wuyanta. Can ya yi shiru. Da rana ya buɗe baki ya karɓi cokali, ya ƙara, ya ƙara! Barkono ta rasa inda za ta sa kanta don murna, ga kuma fargabar yamma tana cin ta.

Da yamma uwar ta iso, Malama tana biye da ita. A bakin ɗakin suka tsaya cak. Kumatu yana tsakiyar tabarma ya juya wa ƙofa baya, yana ta jera kwalaye. Sai da uwar ta kira shi sau biyu kafin ya waigo, ya ce ta tsaya tukuna, gida yake ginawa.

Malama ta gyara tabarau. "Kin ce kina da ƙara?"

"Ina da ita. Yarinyar nan ba ta da ladabi ko kaɗan." Matar ta share ido da bayan hannu, sannan ta dubi Barkono. "Ke, zo nan. Gobe da safe me zan ce masa? Faɗa mini daidai yadda kika faɗa."

Barkono ta dubi Malama.

"Koya mata mana," in ji Malama. "Amma gobe in kin zo, ki bar jakar mutane ta huta."