Damin Geron Istifanus

Yayana Istifanus mai gyaran famfo ne a Sakkwato, amma kada ka kuskura ka faɗa a gabansa. Shi mawaƙin rok ne, kiɗan nan na Turawa, famfo kuwa na rage rana ne kawai. Shekarar da gwamnatin soja ta yi wa ma'aikata ƙarin albashin Udoji, kowa ya sayi babur ko rediyo. Shi sai ga shi gida Ƙofar Kware da jar jita mai lantarki da lasifika. Mamarmu Tabita ta dube shi ta ce, "Istifanus, wannan za a hau ko za a dafa?"

Ya tara suma kamar kwando, ya ɗinka wandon da ƙafarsa ke share titi. Ranar Asabar yana wasa a kulob ɗin ma'aikata, baƙin injiniyoyi suna tafa masa. 'Yan gari kuwa Mai Ƙara suke kiransa. Ba wanda ya taɓa gayyatarsa ko da suna, kuma abin yana ci masa rai. So yake garin da aka haife shi ya kira shi mawaƙi, ko sau ɗaya.

Wata damina Maigandi, dattijon da muke sayen hatsi wurinsa, ya shigo ransa a ɓace. Ciyawa ta rufe masa gero. Samarin ƙauyensu duk sun tsere birni aikin gini, makaɗin nomansu ma ya rataye ganga ya koma tuƙa tifa. Ya kira gayya, mutum huɗu suka amsa.

"Baba, ni zan yi kiɗan," in ji yayana.

"Da wanga abu naka mai kukan jaki? To, taho. Mi ar rage mani?"

Da safe aka ɗora wa jaki lasifika da batirin mota, na bi su don in sha dariya. Na kuwa sha. Ya saki waƙarsa ta Turanci, manoman nan huɗu suka tsaya suna kallonsa, baki buɗe. Da suka koma aiki, sai ya zuba wa galmarsu ido, ya ga yadda take tashi tana sauka. Ya daidaita jitar da saran, ya watsar da Turancin, ya ƙwala wa ɗayansu kirari, "Junaidu, ciyawa ta ga ubanta!"

Junaidu ya duƙa kamar an sa masa wuta. Samarin da suka biyo mu a kan kekuna don tsokana suka ji ana kiran sunan wani, ba nasu ba. Ɗaya bayan ɗaya suka tuɓe agogo suka karɓi galma. Kafin la'asar gona ta yi fes, batiri ya mutu, muryar yayana ma haka.

Shekara ashirin ya ƙara yana waƙa, rabi a kulob rabi a gona, bai taɓa buga faifai ba. Amma labarin da ya fi so shi ne na kakar waccan shekara ta gayya, ranar da Maigandi ya yi sallama ya sauke damin gero a ƙofarmu.

"Baba, ba mu yi odar hatsi ba," in ji yayana.

"Ba saye na ba. Rabon makaɗi na, haka munka gada."

Wallahi sai da na ga hawaye a idon yayana. Ya ɗauki damin a ka, bisa sumar nan tasa, ya zagaye Ƙofar Kware kaf yana gaida mutane.