Karen da Ke Jin Hausa

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ba na jin ranar da na nemi jan gyalena na rasa za ta fita daga raina. Lokacin muna zaune a gidan surukaina a Goron Dutse, gidan yawa, yara ko ta ina. Maigidana direban tirela ne, yakan daɗe bai leƙo mu ba. 'Yata ta fari tana da shekara huɗu, kuma tambayarta kullum ɗaya ce: yaushe Abba zai dawo.

Ƙanin mijina ne ya shigo da fim ɗin daga wajen masu tura finafinai a waya, ya ce na yara ne. A gidanmu surukata Hajiya ce mai tacewa, tambayoyinta kuwa biyu ne ba sa canjawa: akwai tsiraici, akwai ashar? Ya rantse babu. Da ta ji jarumin kare ne sai ta yatsine fuska, ta ce ita dai ba ta son abin da zai kore mata mala'iku. Ya ce ai a talabijin yake, ba a tsakar gida ba. Aka yi dariya, aka tara yara a ɗakinsa. Ni kuwa na samu sararin wanki, har godiya na yi masa.

Na leƙa sau ɗaya. Ba zane ba ne irin wanda suka saba gani, kare ne na gaske mai jini a jika, da jan ƙyalle a wuya, yana tashi sama. Masu fassara kuma sun saka masa Hausar Kano a baki, har sannu da aiki yake cewa. A ƙarshe, kamar yadda na ji daga baya, shi ya ƙwato mahaifin wani yaro daga hannun miyagu, ya kawo shi gida.

Washegari bayan azahar na tashi zuwa barka, na birkice ɗaki ban ga gyalen ba. Na ƙwala wa yarinyar kira ta taya ni nema, shiru. Na duba madafa, na duba soro, na leƙa har rijiya. Na shiga maƙwabta gida-gida, kowa ya ce bai gan ta ba. Hajiya ta aika masallaci a yi cigiya. Jin sunan 'yata a lasifika, da kalar rigarta, shi ya kusa zautar da ni. Na kasa zama, na kasa tsayuwa, sai fita nake ina dawowa kamar kaza mai neman wurin ƙwai.

Can sai wata 'yar facalata ta ce ai da safe yarinyar ta tambaye ta inda karnuka suke kwana, ita kuma ta ce mata gidan mafarauta, can gindin dutse. Ban san da takalmin wa na fita ba.

Na hango ta a bayan wata rusasshiyar katanga, a durƙushe, ta miƙa gyalena da hannu biyu kamar yadda muka koya mata ba manya abu. A gabanta karya ce mai jego, 'ya'yanta a ƙarƙashinta, ta fito da haƙora tana gurnani. Na buɗe baki zan yi ihu, wani dattijo mafarauci da ke lallaɓowa ta gefe ya ɗaga mini hannu. Na haɗiye ihun. Ya yi wani siririn fito, karyar ta waiga, ya shiga tsakaninsu a hankali ya sunkuci yarinyar ya miƙo mini.

Na yi niyyar dukanta, wallahi na yi. Sai na ga ita ma hawaye take, amma ba na tsoro ba.

"Umma, na yi masa sallama bai amsa ba," ta ce. "So nake in ɗaura masa, ya je ya ɗauko mini Abba."

Dattijon ya kawar da kai. Ni kuwa na goya ta muka dawo gida. Hajiya ta karɓe ta ta tofe ta da addu'a, sannan ta ce a kira ubanta a waya yanzu, ko yana kan hanya ya tsaya ya yi magana da 'yarsa.

Har yau ba zan ce fim ɗin mummuna ba ne. Manyan yaran sun yi dariyarsu sun manta. Mu ne muka auna shi da abin da babu a ciki, ba mu tambayi abin da ƙaramin yaro zai ɗauka ya fita da shi ba. Tun daga ranar, in aka ce mini fim na yara ne, wanki ya jira, zama nake a tsakiyarsu ina kallon fuskokinsu. Na gane yaro ba labarin yake bi ba, abin da ya rasa yake nema a ciki, kuma in ya hango shi zai tafi nemansa ko da a bakin karya mai jego ne.