Ɗan Ƙanwata Da Bai Kai Ranar Suna Ba

A shekarar da 'yan bindiga suka hana mutanen Runka noma, ƙanwata ta taho wurina a Batsari, inda nake koyarwa a firamare. A bayan a-kori-kura ta iso da 'ya'yanta biyu, mijinta ya tsaya can yana gadin ɗan abin da ya rage musu. Da ta ce mini cikinta wata takwas ne, sai da na sake dubanta. Ko na wata biyar ya fi shi girma.

Na ce, "Kina zuwa awo kuwa?"

Ta ce, "Yaya, ta wace hanya?"

Na lura in an zuba tuwo sai ta tura wa yaran nata, ta ce ta ƙoshi. Ta daɗe tana yin haka, har cikinta ya saba.

Naƙuda ta zo mata da hantsi, muka tafi asibiti, ta haifi namiji. Fata ta yi masa yawa, duk ta tattare kamar ta tsoho, amma idanunsa a buɗe tar. Na tambayi ungozomar ko bakwaini ne.

Ta ce, "A'a Malama, watanninsa sun cika. Abinci ne bai ishe shi a ciki ba. Irinsu sanyi da yunwa ke saurin kayar da su."

Ta ce a ɗaura shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a riƙa ba shi nono a kai a kai, ko barci yake a tashe shi. Aka sallame mu muka koma gida, muka yi hakan. Ba shi da ƙarfin tsotso, sai a tatsa a cokali in ɗiga masa. Rana ta huɗu bayan la'asar muka ji jikinsa ya yi sanyi. Kafin mai babur ya kai mu asibiti yaron ya cika. Ubansa bai samu hanya ba sai washegari, ya tarar an riga an rufe shi.

Masu gaisuwa suka yi ta cewa Allah Ya sa mai ceto ne, muna amsawa da amin. Na yarda kwanansa ne ya ƙare. Sai dai mako uku ta yi a gidana kafin ta haihu, asibiti kuma ba nisa, ban kai ta awo ba saboda muna jarrabawa. Daga baya na tambayi ungozomar ko da na kawo ta da ya rayu. Ta ce, "Wataƙila."

Bayan shekara biyu ƙanwata ta sake samun ciki. Tun yana wata uku na aika aka kawo ta, na riƙa zama a gabanta har ta cinye kwanonta. Mace ta haifa, ita ma 'yar ƙarama, amma ta kama nono tun ranar farko. Bana na sa ta a aji ɗaya a makarantarmu.