Keken da Baba Ya Hau

Ba zan faɗi sunana ba, kuma ba tausayi nake nema ba. Ku dai karanta, musamman ku matasa masu sana'ar hannu.

Kafin in zama ɓarauniya, ni 'yar mai gyaran keke ce a Kontagora. Na gama sakandare, ba a samu halin in wuce gaba ba, sai na zauna a zauren Baba ina miƙa masa sifana. Ban daɗe ina miƙawa ba na fara ɗaure noti da kaina. Ba ni da haƙuri, amma hannuna yana da kyau. Baba yana kirana Uwata, saboda sunan mahaifiyarsa na ci.

Lokacin wahalar man fetur ne, zamanin soja, masu babur na wuni a layi. Sai Baba ya fito da dabara. Ya samo injin waifa mai goge gilashin tsohuwar tirela, ya yi masa walda a tsakiyar keke daidai gindin feda, ya haɗa shi da sarƙa, ya ɗora batir a kariya, wato mazaunin baya. Kana danna maɓalli inji zai taya ka tuƙi. Ba wani gudu yake ba, amma za ka hau tudu ba gumi.

Ni na ce a ƙara batir na biyu, don saiɓin keken yana ba ni haushi. Muka gwada, keke ya tashi kamar an tsikare shi. Baba ya yarda, amma da sharaɗi.

"Uwata, duk ƙarfin nan ta sarƙa yake bi. In an ƙara batir, sai sabuwar sarƙa da sabuwar robar birki. Ban da gardama."

Yana kuma da wata al'ada. Ba ya miƙa wa kowa keke sai ya hau da kansa ya sauka gangaren bayan unguwarmu, wanda ya ƙare a bakin kwalbati.

Da ƙararrawa na fara. Na cire sabuwa daga keken wani, na sa tsohuwa, ba wanda ya lura. Na kai wa wani mai kayan gwangwan a tasha, ana ce masa Na-Auna. Ya juya ta a hannu ya yi dariya.

"Hajiya makanika, ai sarƙa ta fi wannan daraja."

Daga nan na gano hanya. Sai Baba ya gama gwajinsa ya tafi sallar La'asar, in cire sabuwar sarƙa in sa tsohuwa da na wanke da kananzir. Robar birki da ta cinye in goga mata baƙin man takalmi in sa a madadin sabuwa. Na-Auna kuma ya fara kawo mini batir da araha, ina yi musu fenti ina ce wa Baba daga Minna aka kawo. Na san na sata ne. Ban tambaya ba don kada a faɗa mini.

Sai ranar Malam Ɗanjuma. Malamin asibiti ne da ke kai allurar rigakafi ƙauyukan Mashegu, babur ɗinsa ya yi wata a jingine ba mai. Muka haɗa masa keke mai batir biyu, Baba ya gwada, ni kuma na yi abin da na saba. Washegari da hantsi ya zo ɗauka, riƙe da akwatin sanyi na magani, ya ce a ɗaure masa a baya. Baba ya ɗaure, ya jijjiga keken, ya ce:

"Nauyi ya canza. Bari in sake sauka da shi."

"Haba Baba, ai ka gwada jiya," na ce.

"Jiya ba akwati."

Ina tsaye, sifana a hannuna. Kalma ɗaya ta isa ta tsayar da shi. Na dubi Malam Ɗanjuma, na dubi maƙwabta da ke zaune a dakali, na ji kunyar a ce mini ɓarauniya, na yi shiru. Wannan shirun ya fi duk satar da na yi muni.

Sarƙar ta tsinke a tsakiyar gangare, birki bai kama ba. A cikin kwalbati aka ɗauko Baba, ƙugunsa ya karye.

Malam Ɗanjuma ya shafa robar birkin, yatsansa ya fito baƙi ƙirin. Nan take ya kira 'yan sanda. Suka sami sababbin sarƙoƙi a ƙasan akwatin kayana, suka kama Na-Auna, masu tirelolin da aka sace wa batir suka zo suka shaida kayansu duk da fentina. Alƙali ya ba ni shekara ɗaya da rabi.

Ba zan ba ku labarin gidan yari ba. Akwai ƙwarƙwata, akwai tuwon gabza, akwai kuma lokacin tunani fiye da yadda mutum ke so. A can na fara sallar da ba ta gaggawa ba.

Da na fito na tarar da Baba yana dogara sanda, ƙafa ɗaya ta gajarce. Zauren ba kowa, sai keke ɗaya na wani tsohon abokinsa da bai guje shi ba. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Sai ya turo mini sifana da sandarsa. Na gyara keken a gabansa, sarƙa da birki, yana bin hannuna da ido.

"To, Uwata, ni dai ƙafa ta tafi. Wa zai sauka da shi?"

Mata ba sa hawa keke a unguwarmu. Na ɗaure zanina na hau, rana tsaka, ana leƙowa ana nuna ni. Na sauka gangaren har bakin kwalbatin, na matse birki, ya tsaya.

Ga shawarata, kuma ba zan maimaita ba. Kada ku taɓa ƙararrawar wani, don daga ita na fara. In kun riga kun taɓa, ku buɗe baki tun mutumin bai ɗora ƙafa a feda ba. Ni yanzu duk keken da ya fita daga zaurenmu sai na sauka gangaren nan da shi, Baba yana zaune a dakali da sandarsa yana jira ya ji ƙarar birki.